Tsohuwar da nake kula da ita ta ƙi rabuwa da kunun shinkafa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Aikin kula da tsofaffi nake yi a New York. Wata huɗu ke nan ina zuwa gidan wata tsohuwa 'yar China a unguwar Flushing, mutuniyar lardin Guangdong, shekarunta 74. Tana da ciwon sukari, tana shan maganinsa, metformin. Kullum karin kumallonta kunun farar shinkafa ne, kwano dam. In na auna ta bayan awa biyu sai in ga sukarinta ya yi sama, ya haura 250. Ɗanta yana aiki a gidan abinci, sai sha ɗayan dare yake shigowa, da ledar biredi mai zaƙi a hannu. Na yi masa magana ya ce ai ba ta da ƙiba. Ita kuma ba ta jin Turanci, da hannu muke magana. Jiya na rage kunun, ta juya mini baya ta ƙi ci sam. Yaya zan yi?

Nas daga Bronx: Ƙanwata, ɗan nan ya yi kuskure. Mutanen Asiya sukan kamu ko jikinsu bai cika ba, shi ya sa tun 2015 ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka ta ce a fara gwada su daga ma'aunin ƙiba (BMI, wato awon nauyi da tsawo) 23, ba 25 ba. Kunun nan kuwa ya riga ya narke, nan da nan yake shiga jini. Kada ki hana, ki sa ƙwai da ganye ta fara ci. Ki rubuta awon kullum ki kai wa likita, ki nemi tafinta mai jin Kantonis, yaren mutanen Guangdong, kyauta ne.

Hajiya: 'Yata, ba kunun ba ne kaɗai. Mutanen da gaisuwarsu ma "ka ci abinci?" ce, a tsakiya suke ajiye kwanuka kowa ya ɗiba. Ita ga ta ita kaɗai da baƙuwa, an kuma taɓa mata kwano. Ko ni ce sai na yi fushi. Biredin nan ma ban-haƙuri ne yaron yake yi. Ki roƙe shi ranar hutunsa ya zauna su ci abu ɗaya.

Wani ɗan'uwa: Ki duba kicin ɗinta. 'Yan China suna shan ɗan'uwan garafuninmu don sauke sukari. In tana sha, likita ya sani.

Mai tambaya: Na gode. Hajiya, ranar Talata yake hutu, zan tare shi kafin ya kwanta.