Bangon littafin binciken kisa: me ya rage kafin maɗaba'a?

Sabon Alƙalami, Rigasa:
Assalamu alaikum. Na kammala littafin binciken kisan kai, shafi 200, girman A5. A waya na haɗa bangon: wuƙa mai jini, bindiga, fuskar makashin, sunan littafin da ja a kan baƙi. Labarin kam ba ya buƙatar gyara, ba mai gano makashin sai shafin ƙarshe. Me ya rage?

Mai Injin Bugu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, da sauran aiki. Ja a kan baƙi yana haske a waya domin launin RGB ne, wato na hasken allo, injin kuwa da CMYK yake bugawa, wato tawada kala huɗu, sai jan ya dusashe, sunan ya nutse. A mayar da shi fari ko rawaya. Hoton ya kai dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman A5, milimita 148 da 210, kuma kada a turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi ya fito dishi-dishi. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Shafi 200 warƙa 100 ke nan, a takarda mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita ƙashin bayan littafin zai kai kamar milimita 10. Kafin a ja layi a tambayi maɗaba'a takardar da za su sa, in ba haka ba rubutun ƙashin baya ya zamo gaba. A kuma duba ƙ, ɗ da ɓ, yawancin salon haruffa masu ado ba su da su.

Malama Mai Tace Rubutu:
Malam, fuskar makashi a bango? Ai ka gama ba da amsa tun littafin yana kan tebur a Kasuwar Gumi. Abu ɗaya ya isa, wanda ke da alaƙa da labarin: makulli, ko takalmi wari guda a bakin ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne cewa ba ya buƙatar gyara. In mai karatu ba shi da hanyar gano makashin, an zalunce shi. Dole makashin ya bayyana tun babukan farko, a shuka alamu a fili, a rufe su da wasu waɗanda ake zargi, kowa da dalilinsa. Ka ba mutum uku da ba abokanka ba, su tsaya a tsakiya su rubuta wanda suke zargi da hujjarsu. In duk sun gano, ya yi sauƙi. In ba mai hujja ko ɗaya, alamunka ba su isa ba.

Tsohon Ma'aikacin Kotu:
A kula da tsarin shari'a. DPO ba ya riƙe batun kisa, ana miƙa shi sashen CID na jiha, kuma Babbar Kotu ke yanke hukunci, ba majistare ba. Sannan a nan sau da yawa a ranar ake binne gawa. In labarin ya dogara da binciken likita, sai ka nuna wa ya hana jana'iza, da yadda dangi suka karɓi abin.