Gyaran jirgi mai saukar ungulu: waɗanda suka shiga harkar, me kuka tarar?

Mai tambaya, Daura:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama HND a fannin injina a kwalejin Hassan Usman Katsina. Tun da ya ga helikwaftocin sojin sama suna shawagi a nan Daura ba shi da zance sai gyaran jirgi. Ku da kuka taɓa, ku faɗa mana gaskiyar abin.

Tsohon ɗalibin Zariya:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ya sani tun yanzu, takardar makaranta ba ta ba mutum ikon sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi. Ni kwas na yi a NCAT, kwalejin koyon harkar jiragen sama ta Zariya da aka kafa tun 1964, na daɗe ƙarƙashin masu lasisi kafin na zauna jarrabawar NCAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama na farar hula a Najeriya. Ko lasisin ya fito, kowane samfuri da horonsa. Wanda aka horar a kan Bell 412 ba zai sa hannu a kan AW139 ba. Farkon zuwana aikina miƙa sifana ne da ƙirga kaya. Wata rana ƙaramar filaya ta ɓace, babu wanda ya tafi gida sai da aka gano ta, don tsoron kada tana cikin jirgin.

Ɗan Kofar Marusa a Fatakwal:
Malam ya faɗi gaskiya. Sai dai ya shirya barin gida, don yawancin aikin farar hula yana kudu, wajen su Bristow da Caverton masu jigilar ma'aikatan mai zuwa cikin teku. A can gishiri ne abokin gaba, wanke inji da ruwa mai tsafta ya zame mana jiki. Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar HUMS, mai sa ido kan lafiyar jirgi. Ana manna ƙananan na'urori a jikin giyar jirgin suna auna jijjiga, jirgi na sauka mu kwashe bayanan zuwa kwamfuta. Akwai kuma ɗan maganaɗisu cikin man giyar. Na taɓa zaro shi na ga ɓurɓushin ƙarfe kamar garin kwalli, aka dakatar da jirgin nan take, alhali matuƙin ya rantse bai ji komai ba.

Tsohon soja, Katsina:
Ɗana, akwai ƙofar soja, kuma AFIT, makarantar fasaha ta sojin sama a Kaduna, tana ɗaukar farar hula ma. Mu helikwafta Mi-35 muka sha fama da shi, yaran yanzu ga su da T129 na Turkiyya. A arewa ƙura ce matsalarmu. Da hunturu za ka shafa bakin farfela ka ji yashi ya ci ta. Da bazara kuwa iska kan yi sirara saboda zafi, dole a rage kaya kafin a tashi.

Wata injiniya:
Baba, bari in sa baki. Ni ɓangaren lantarki nake, kuma sababbin jiragen nan rabin gyaransu da kwamfuta ake yi. Ya dage da Turanci, littattafan gyaran duk da shi aka rubuta, kuma ba a ɗaure ko noti ɗaya da ka.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, tunda injina ya karanta, zai iya komawa lantarkin?

Wata injiniya:
Zai iya, amma sabon karatu ne da jarrabawa daban. In ni ce shi, in fara da jikin jirgi da inji inda yake da tushe, lantarkin ya biyo baya.