Wane suna za mu ba nanotub na kabon da maikurotubul a Hausa?

Malamai da 'yan'uwa, wata ɗalibar likitanci a nan Kano ta roƙe ni kalmomin da za ta yi wa mahaifiyarta bayanin karatunta, sai na ga kalmomi biyu sun tsaya mana, wato nanotub na kabon da maikurotubul. Ra'ayina shi ne a raɗa musu suna tare, domin kamannin da ke tsakaninsu shi ne tushen binciken da ake yi kan amfani da nanotub wajen yaƙar sankara.

Maikurotubul wani siririn bututu ne a cikin ƙwayar halitta, kaurinsa nanomita 25 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), an gina shi da furotin mai suna tubulin, kuma kullum yana tsawo yana gajarta. Idan ƙwayar za ta rabu biyu, waɗannan bututai ne ke haɗuwa su yi siffar mazari, su ja kayan gado zuwa ɓangarori biyu. Tun da sankara rabuwa ce marar tsayawa, magunguna irin su paklitaksel da binkiristin nan suke kai hari: na farko ya daskarar da bututun, na biyu ya hana shi ginuwa.

Shi kuwa nanotub, wanda Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, shimfiɗar kabon ce da aka naɗe kamar tabarma. Mai bango da yawa yana kusa da maikurotubul a kauri da siffa, har masu bincike a Jami'ar Kantabiriya ta Sifaniya suka nuna cewa idan ya shiga ƙwaya yakan manne wa bututanta, ya ƙara musu tauri, mazarin ya rikice, rabuwa ta tsaya, ƙwayar ta mutu.

Wani ya kawo shawarar “bututun gawayi”, ni kuwa ban yarda ba ko kaɗan. A garin da marasa lafiya da yawa ke fara zuwa wurin mai magani a kasuwa kafin su isa Asibitin Malam Aminu Kano, wannan suna zai sa wani ya ɗauka cewa garin gawayi yana warkar da ciwon daji, alhali aikin nan bai wuce ɗakin gwaji da jikin ɓeraye ba, kuma a 2014 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya wani nau'in nanotub cikin abubuwan da mai yiwuwa su haddasa cutar. Gara mu bar kabon a matsayin kalmar aro.

“Azara” ta burge ni da farko, saboda maikurotubul yana riƙe da siffar ƙwaya kamar yadda azara ke riƙe da rufin soro, amma azara ba ta da rami, ba ta kuma tsawo da gajarta. “Bututun ƙwaya” ma ba zai yiwu ba, kowa ya san abin da kunnen Bakano zai fara ji.

Abin da na tsaya a kai shi ne “silin bututun kabon” da “silin bututun halitta”. Sili, kamar a silin gashi, ya ɗauki ma'anar ƙanƙanta, ko da yake gashi ya fi su kauri sau dubbai. Bayan ambaton farko, a rubutu ana iya taƙaitawa a ce bututun kabon ya manne wa bututun halitta, kuma ɗalibar ta ce mahaifiyarta ta gane wannan jimla ba tare da ƙarin bayani ba. Ina jiran gyaran malaman Jami'ar Bayero, musamman a kan jam'i: bututai ko bututuna.