Doguwar kujerar gaba ta akori-kura 404, wa ya taɓa samun wadda ta zauna daidai?

Mai404_Zariya

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu tsofaffin motoci ku kawo min ɗauki. Ina tayar da akori-kura Peugeot 404 ta mahaifinmu, inji ya tashi, fanel bita ya gama nasa, an fesa fenti, saura ciki. Doguwar kujerar gaban nan mai cin mutum uku ita ta tsaya min a rai, soson ya zama gari, ledar duk ta yayyage, sifirin wasu sun karye, ƙafar gefen direba kuma tsatsa ta cinye ta. Wasu na cewa in yar da ita in nemo ta wata motar a dasa, wasu na cewa a gyara. Wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa min yadda ya ƙare.

TsohonKanike_Kakuri

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, KAR KA YAR DA ƘARFEN KUJERAR. Ko ya ruɓe rabi ka ajiye shi, kar ka bari ƴan gwangwan su gan shi ma. Leda da soso ko yau ka shiga kasuwa ka samu, amma ƙarfen nan da ramukan notinsa da tsayinsa daga ƙasa babu mai ƙera maka shi da ka. A Faransa tun 1975 aka daina yin ƙaramar 404 ta shiga, Kenya ce ta ci gaba da haɗa ta har 1991, to ka ga sabo dai babu shi a shago.

Na gyara irinta ba ɗaya ba biyu ba. Abin da muke yi, a kwance ta tsaf, a kankare tsatsar da burushin ƙarfe, mai walda ya yanke inda ya ruɓe ya jona sabon ƙarfe mai kauri iri ɗaya, amma ya ɗan ɗiga waldar kawai tukuna, a kai ta cikin motar a ɗaura noti a gani ta zauna, sannan a fito da ita a cike waldar. In ya cike tun a ƙasa zafi zai ja ƙarfen ya karkace, ka zo rami uku sun shiga na huɗu ya ƙi. Bayan nan jan fenti na maganin tsatsa, sai baƙi a kai. Sifirin da suka karye ana cirowa daga wata matacciyar kujera a maye.

Direban_Funtuwa

Baba ya faɗi gaskiya wlh. Tawa 504 ce akori-kura, lokacin da na saye ta wanda ya riƙe ta kafin ni ya riga ya dasa mata kujerar wata motar Japan, a ido ta yi kyau sosai amma ka zauna kanka na gogar rufi cinyarka na gogar sitiyari, ƙofar gefen fasinja sai an buga da ƙarfi take rufuwa don kujerar ta fi faɗi, kuma ya huda sababbin ramuka a ƙasan motar ya ɗaura da noti ba ko washa a ƙasa, damina ɗaya ruwa ya bi ramukan nan ya fara cin bodi. Ni na ci sa'a don 504 an haɗa ta a Kaduna har 2006, kayanta na nan birjik, a kasuwar Panteka ta Kaduna na samu ta asali a jikin wata da ta yi hatsari ta baya. Kai taka 404 sai ka sha yawo. Ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, sannan ka tambayi tsofaffin direbobin tasha, su suka san gidan da aka jingine mota shekara da shekaru kaji na ƙwai a ciki.

Mai404_Zariya

Na gode Baba, na gode Yaya. To ta 504 ɗin ba za ta shiga 404 ba? Tunda duk gida ɗaya ne.

TsohonKanike_Kakuri

Gida ɗaya ne amma ba awo ɗaya ba, 504 ta fi faɗi. Sannan ka duba giya, taka a jikin sitiyari take shi ya sa mutum uku ke zama a gaba ba takura, 504 kuwa da yawa giyarsu a ƙasa take. Wani abu kuma da mutane ke mantawa, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motar da ta shigo kafin nan sitiyarinta na dama, haka ma na Kenya. In ka samo kujerar irin waɗannan ka duba gefen da hannun turata gaba da baya yake. Ka tafi kasuwa da tef da takarda, ka auna tsakanin ramukan gaba da baya, hagu da dama, da tsayi daga ƙasa, da faɗin tsakanin ƙofa da ƙofa a rufe. Kar ka yarda da "Alhaji ai za ta shiga".

Hajiya_maiKunkuru

Ni ba akori-kura gare ni ba, Volkswagen Beetle ce ta marigayi maigidana nake riƙe da ita, amma maganar ɗinki na san zafinta. Na kai wa wani mai kushin kujerun baya da na gaba, na ce ya yi su kamar yadda suke, kafin in dawo ya yage tsohuwar ledar ya zubar, ya yi min ɗinki irin na kujerar falo da wasu maɓallai a jiki. Na yi kuka ranar, don layukan ɗinkin nan na asali ba su dawo ba sai da na roƙi hotuna wajen masu irinta. Saboda haka ƙanina ka tsaya a kansa, ya bi zare ya farke tsohuwar ledar a hankali, kowane ƙyalle ya shimfiɗa shi a kan kwali ya zana ya sa masa lamba, shi ne zai zama ma'auninsa. Ka ɗauki hoto ta ko'ina kafin a taɓa ta, har ƙasanta. A cikin tawa ma ba soso ba ne na asali, wani abu ne kamar tabarma na zaren kwakwa da aka haɗa da roba, shi ne ke zubo wannan jan garin a ƙasan kujera.

Ɗan_Maraɗi

Gaisheku mutanen Najeriya. Mu nan 404 ta daɗe tana jigilar ƙauye, har yanzu kana iya cin karo da gawarta a bayan gari, kuma kasuwar Katako ta Yamai ana samun tsofaffin ƙarafa iri-iri. In kana da ɗan'uwa a nan ka aiko mishi awon. Shawarata kan leda ce, kar ka sa baƙa. Ni baƙa na tarar a tawa, watan Afrilu in ta tsaya a rana zuwa azahar ba ka iya zama sai ka shimfiɗa darduma. Na canza zuwa ruwan ƙasa, tsakiyar wurin zama na sa yadi mai kauri gefe da gefe leda. Kuma ka juya ledar ka ga bayanta, mai saƙar zare a baya ita ke jure rana, marar shi shekara guda ta fara tsagewa daga bakin ɗinki.

Kushin_Sabongari

Sana'ata ce wannan, bari in ƙara kaɗan. Soson katifa ba na mota ba ne, wata biyu ya kwanta ka fara jin sifirin. Ana fara shimfiɗa buhu ko kanbas a kan sifirin a ɗaure shi tam, sai soso mai tauri, sai siriri mai laushi a sama don ya ba da siffa. In aka cika kauri kuma ka dawo matsalar Yaya na Funtuwa, kai a rufi. Zare na nailan za a yi amfani da shi, na auduga ba ya ƙarko. Masu oda daga waje, akwai masu ɗinka rigar kujerar 404 a Faransa, amma ka tabbata ta akori-kura ce ba ta ƙaramar motar shiga ba, ga kuɗin jirgi da na kwastan, sau da yawa ya fi kuɗin aikin gaba ɗaya a nan.

Alhaji ka turo hoton ƙasan kujerar da na ƙafar da ta ruɓe, ka ɗora tef a kai yadda lambar za ta fito. In ɗaya gefen lafiya yake, daga shi mai walda zai kwafi awon ɗayan.

Mai404_Zariya

Gefen fasinja garau yake, ko noti bai ci ba. Allah ya saka muku da alheri, gobe in sha Allah zan kwance ta in turo hotunan. Hajiya ledar na nan ban bari kowa ya taɓa ba. Mutumin Maraɗi, yadin nan da ka sa a tsakiya wane iri ne, kuma yadi nawa ya ci maka?