Idan na'urar wasa ta mutu bayan ƙarewar garanti, alhakin yana wuyan wa?

Baban Yara:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Na saya wa 'ya'yana na'urar wasan bidiyo sabuwa dal a kwalinta, da garantin shekara ɗaya, kuma mun kula da ita bakin gwargwado, domin ba ta taɓa faɗuwa ba, tana ajiye inda iska ke shiga, sannan ba a taɓa jona ta kai tsaye da wutar bango ba sai ta sitabilaiza. Wata biyu da ƙarewar garantin ta fara ɗaukewa ana tsakiyar wasa, daga bisani ta ƙi kunnuwa sam. Da na rubuta wa kamfanin, amsar da na samu ita ce wa'adi ya wuce, gyara kuma sai da kuɗina. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na tarar da mutane da yawa suna kuka da irin wannan matsala. Shin an taɓa samun kamfanin da ya ɗauki nauyin gyara bayan wa'adi, ko kuwa ranar da garanti ya ƙare ita ce ranar da ya wanke hannunsa?

Tsohon Ɗan Wasa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. An taɓa samu, kuma babban misali shi ne Xbox 360, wadda Microsoft ta fitar a watan Nuwamba na 2005. Ba a jima ba masu ita suka fara ganin jajayen fitilu uku suna walƙiya a kewayen maɓallin kunnawa, alamar cewa wani abu ya lalace a cikinta, har abin ya samu laƙabin jan zoben mutuwa. Da farko garantinta a Amurka kwana 90 ne kacal, sai a ƙarshen 2006 aka mayar da shi shekara ɗaya, kuma a tsawon lokacin kamfanin yana nuna cewa masu ƙorafin tsiraru ne. Da koke ya yi yawa, a watan Yuli na 2007 Peter Moore, wanda ke jagorantar harkar Xbox a lokacin, ya fito ya ba da haƙuri a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa, aka tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara uku, aka kuma yi alkawarin mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗin gyara kuɗinsu. Kamfanin ya ware fiye da dala biliyan ɗaya domin wannan aiki. A 2009 ma an shigar da wata matsalar da ake kira E74 cikin garantin na shekara uku. Na yaba da matakin, amma ba zan manta cewa sai da aka kwashe fiye da shekara ɗaya da rabi mutane suna asara kafin a amsa laifi ba.

Mai Gyara:

Yallabai, bari in ƙara bayani daga ɓangaren sana'ata, domin a nan ne amsar tambayarka take. Dole a bambanta lalacewar da tsufa ko sakaci suka jawo da wadda aka ƙera na'urar da ita. A Xbox 360, matsalar tana cikin ƙananan haɗe-haɗen dalma da ke riƙe da guntun lantarki (chip) mai sarrafa hoto. Duk lokacin da aka kunna na'urar suna ɗaukar zafi su buɗe, idan aka kashe su huce su tsuke, kuma wannan kai-kawo ne yake tsattsaga su a hankali har haɗin ya yanke. Wato amfani da ita yadda aka ce a yi shi ne yake kashe ta, mai ita bai yi laifin komai ba. Shi ya sa dabarar da ta yaɗu a wancan lokaci ta naɗe ta da tawul don ta yi zafi sosai take farfaɗo da ita na ɗan lokaci kawai, alhali tana ƙara cutar da sauran kayan ciki. Ba a samu sauƙi na gaske ba sai da aka sake fasalin guntayen suka rage fitar da zafi, musamman daga ƙarshen 2008.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: da yawa daga cikin na'urorin da ake kawo mini, ƙurar hunturu ce ta toshe fankarsu, ko kuma an jona wadda aka yi don wuta mai ƙarfin volt 110 da tamu mai volt 230. Irin wannan ba a ɗora wa kamfani. Saboda haka kafin ka ci gaba, ka tabbatar alamomin da taka ta nuna su ne daidai waɗanda sauran mutanen suke faɗa.

Malamar Shari'a:

Malam, garantin kamfani alkawari ne da ya ɗaukar wa kansa, ba shi ne iyakar haƙƙin mai saye ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye kariyar aƙalla shekara biyu a kan mai sayarwa, ko da takardar kamfani ta ce shekara ɗaya. Ka dubi abin da ya faru da hannayen wasa na Joy-Con na Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017, inda sandar da ake turawa da babban yatsa take motsa abin da ke kan allo ba tare da an taɓa ta ba. An shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Amurka a 2019, shugaban kamfanin Shuntaro Furukawa ya ba da haƙuri a 2020, sannan a watan Afrilu na 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta sanar cewa Nintendo ta amince ta riƙa gyara su kyauta ko da wa'adin garanti ya wuce. Ƙungiyoyin kare masu saye ne suka tattara koke-koke har aka kai ga haka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne irin waɗannan alkawura galibi suna tsayawa ne a yankin da aka yi su, don haka ya kamata ka bincika ƙasar da aka yi na'urarka dominta da kuma wanda ya shigo da ita. Idan a Nijeriya ka saya, akwai hukumar FCCPC da ke karɓar koken masu saye, kuma ɗan kasuwar da ya sayar maka yana cikin waɗanda za ka fara tunkara. Ka adana rasit, da lambar jikin na'urar, da duk wasiƙun da kuka yi musaya, kuma kada a ɓalle hatiminta tukuna, domin kada a samu hujjar cewa hannun wani ne ya ɓata ta.

Baban Yara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Rasit ɗin yana nan, hatimin ma ba a taɓa shi ba. Gobe in Allah ya yarda zan fara zuwa shagon da na saye ta da takardun a hannuna, sannan in sake rubuta wa kamfanin, in zayyana alamomin ɗaya bayan ɗaya tare da ranar da kowace ta fara.