Neman shawara: bos ɗin sitiyari ya ƙi zama a Golf 2 ɗin mahaifinmu

Mai Golf 2:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya tsaya mini a rai, yau kwana huɗu ke nan.

Ina da Golf 2 ƙirar 1987, wadda mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. A cikinta na koyi tuƙi, shi ya sa ban iya sayar da ita ba. Tun bara nake tayar da ita kaɗan-kaɗan, an yi inji, an yi fenti, an ɗinke kujeru. Sitiyarinta na asali ne ya gama yayi: robar ta tsattsage, ta saki ƙarfen ciki, in ka riƙe ta sama sai ka ji tana murɗewa a tafin hannunka. Wani abokina mai zuwa Kwatano ya kawo mini sitiyarin katako na Nardi, na hannu, mai ƙafa uku da ramuka shida a tsakiya. Sai na je na sayi bos, wato gindin nan da ke haɗa sitiyari da sandar da ta fito daga jikin mota. Mai shagon ya ce na Golf ne, kuma ai Golf duk ɗaya ce.

Da muka je ɗaurawa matsala biyu ta fito. Ramin bos ɗin ya yi wa sandar yawa, zurmawa kawai yake yi, yana juyawa haƙoran cikin ramin da na kan sandar ba su ko taɓa juna ba. Sannan ramuka shidan da ke fuskarsa ba su hau na sitiyarin ba. In ka sa sukuru ɗaya, sauran sai su kauce da ɗan kaɗan, kuma sitiyarin ya tsaya a karkace.

Yaron garejin ya ce a naɗe sandar da gwangwani a buga bos ɗin da guduma, ko a kira mai walda ya ɗiga masa, ramukan kuma a buɗe su da diril. Na ce a dakata. A motar nan nake kai yara makaranta, kuma duk wata sai na hau hanyar Zariya. Don Allah wane irin bos zan nema? Ko akwai yadda za a yi wannan ya zauna lafiya?

Direban Tasha:
Wa alaikumus salam. Malam, ni dai tawa waldawa aka yi, yau shekara biyu ban ga komai ba. Ka samu mai walda mai hannu kawai.

Oga na Gareji:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ƙanena, dakatarwar da ka yi ita ce daidai. Direba, ka yi haƙuri, ba zan bari maganar walda ta wuce ba. Yawancin bos ɗin nan gindinsu alminiyam ne na zubi, sandar kuma ƙarfe ce, waldar bakin titi ba ta haɗa su. Ko da bos ɗin ƙarfe ne, zafin zai sauka kan boris ɗin da ke saman sandar da robobin makunnin sigina, kuma ranar da makullin mota ya lalace ba yadda za a cire sitiyari sai an yanka. Gwangwani kuwa ya fi muni. Haƙoran nan su ne suke ɗaukar duk ƙarfin da hannunka ya sa, notin tsakiya aikinsa ya danne bos ɗin a mazauninsa. Gwangwani zai riƙe a gareji, ya riƙe a cikin unguwa, sai ranar da ka fizgi sitiyari don kauce wa rami ko ɗan acaɓa, sitiyarin ya juya tayoyi su ƙi bin sa.

Yanzu ga abin da ya faru da kai. Golf ba duk ɗaya ba ce. Golf 1 da Golf 2 na farko-farko sandarsu siririya ce, kaurin wurin haƙoran kusan milimita 17. Daga wajen ƙarshen 1988 zuwa 1989 Volkswagen suka koma babban kai, kusan milimita 26, kuma da shi Golf 3 ta zo. Tunda Golf 3 ce ta cika gari, bos ɗinta ne ya cika shaguna, shi aka ba ka. Taka ta 1987 ƙaramin kai take so.

Amma kada ka tsaya ga shekarar da ke takarda. Motocinmu sun sha hannu, na sha buɗe tsohuwar mota in tarar an taɓa sauya sandar gaba ɗaya da ta wata. Ka samu baniya, ma'aunin nan mai muƙamuƙi da masu injin yankan ƙarfe suke riƙewa, ka auna kaurin haƙoran, ka ɗauki hoto da ma'aunin a kai. Tsohon sitiyarin ma kada ka yar da shi, ka tafi da shi kasuwa a kwatanta bayansa da bayan bos ɗin.

Maganar ramuka shida kuwa, tsari biyu ne suka fi yawa, duka daga Italiya. MOMO da Sparco da OMP suna kan milimita 70, Nardi da Personal suna kan 74. Ka ɗora rula daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, abin da ka gani shi ne lambar. In maɓallin hon ya tare maka, auna ramuka biyu maƙwabta: 35 na nufin 70, 37 na nufin 74. Karkacewar da ka gani ma daga nan take. A tsarin MOMO rami ɗaya yana tsaye a sama daidai ƙarfe sha biyu, a na Nardi ramuka biyu ne suka sa saman a tsakiya. Kada ka bari diril ya taɓa sitiyarin nan. Sukurorin ƙanana ne, milimita 5, kawunansu suna nutsewa cikin ramin da aka yi musu daidai su, in ka faɗaɗa ramin ba su da wurin zama. Ka nemi bos mai 74, ko mai ramuka goma sha biyu wanda ke karɓar duka biyun.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Oga ya gama magana, sai dai in ƙara abu ɗaya. Babban kan nan na Golf 2 na baya-baya da Golf 3 ba sandar ce ta yi kauri ba, wani zobe ne mai haƙora ciki da waje da kamfanin ya cusa a kan siririyar sandar. A wajenmu in aka fasa mota ana samunsa. In ka samo shi ka sa a taka, bos ɗin da ka riga ka saya zai kama, ba ka yi asarar kuɗinka ba.

Oga na Gareji:
Gaskiya ne, zoben nan kayan kamfani ne, ba dabarar gareji ba, kuma ana yin hakan. Sharaɗin shi ne a ciro shi da fula, ƙarfen nan mai janyo abu a hankali, ba a ɓanɓaro shi da kurfi da guduma ba, don na ga waɗanda aka kawo haƙoransu a tauye. Amma duba nasa lamarin: ko ya sa zoben, fuskar bos ɗin tana nan a 70, sai ya sake sayen faranti mai mayar da 70 zuwa 74. Faci biyu ke nan a kan abu ɗaya, kuma farantin zai ƙara turo sitiyarin zuwa ƙirjinsa. Da a ce MOMO gare shi da na ce ya bi shawararka. A yadda yake, ya mayar da bos ɗin ya fi.

Baba Tsohon Direba:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe motar mahaifinka. Ni ban san lambobin nan nasu ba, amma na yi shekaru ina murɗa motar da ba ta da fawa, wato abin da ke sauƙaƙa murɗa sitiyari. Ka auna faɗin sabon sitiyarin kafin ka ƙara kashe ko kwabo. Yaran yanzu suna son ƙarami don kyau, sai an zo fakin a cikin lungu su gane kurensu. Kuma ka zauna a kujera ka riƙe shi a inda zai tsaya, ka ga ko yatsanka yana kai wa sandar sigina ba tare da ka saki sitiyari ba, ka ga ko bai rufe maka agogon gudu ba.

Malamin Lissafi:
Maganar Baba tana da hujja. Na asalin kusan milimita 380 ne. In sabon 330 ne, ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari, in 360 ne bai kai kashi 6 ba. Yawancin Golf 2 ba su da fawa, don haka bambancin ba ƙarami ba ne ga mai shiga kasuwa kullum.

Mai Corolla:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Corolla 2005 gare ni, ni ma ina sha'awar irin wannan sitiyarin. Bos ɗin Toyota kawai zan nema?

Mai Wayarin:
Yallaɓai, taka daban ce da tasa. Tasa ba ta zo da jakar iska ba, ba abin da zai rasa. Taka tana da ita a tsakiyar sitiyari, ranar da ka cire ka cire abin da zai tare fuskarka a karo. Masu yi suna sa ɗan resisto a wayar don fitilar gargaɗi ta mutu, to fitilar ce kawai ta mutu, jakar ba ta dawo ba. Ga kuma faifan waya da ke naɗe a bayan sitiyarin, in aka bar shi ya juya yadda ya ga dama sai ya tsinke, hon ya tafi. Motar da iyali ke shiga, ni ban ba ka shawara ba. In fatar ce ta ci, a ɗinke maka sabuwa a kai, ko ka nemi wani na asali mai kyau.

Mai Golf, kai kuma ga nawa ɓangaren. Ka juya bos ɗin da za ka saya ka duba bayansa. Dole ka ga zoben tagulla, shi ne wani ɗan harshe da ke jikin makunnin sigina yake gogawa don hon ya yi aiki, kuma dole ka ga ɗan ƙahon da ke kashe sigina in ka miƙe bayan kwana. Masu arha da yawa ba su da ɗayan biyun. Ka cire kan batir kafin ka fara. Lokacin zura bos ɗin ka tabbata sandar sigina tana tsakiya, in tana kunne ƙahon zai hau kan harshen robar ya karya shi.

Oga na Gareji:
Ƙari a kan na Mai Wayarin: tayoyi su miƙe sak kafin a fara, rubutun TOP da ke jikin bos ɗin ya kalli sama. Ka zura shi da hannu, ya shiga sumul ya zauna ba girgiɗi tun kafin noti. In sai da guduma zai shiga, ba nasa ba ne, kuma dukan sandar yana lalata wurin da aka yi ta don ta lanƙwashe a hatsari. Notin soket 24 ne, a ɗaure shi da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon littafin motar. In ka samu bos irin mai ƙafafun ƙarfe a cikin rigar roba, wanda aka yi don ya noƙe in ƙirji ya buge shi, shi na fi so a kan dunƙulallen zubi marar suna.

Mai Golf 2:
Na dawo da bayani, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na ari baniya na auna: sandar 17 da ɗan ɗoriya, ramin bos ɗin da aka ba ni kusan 26, fuskarsa 70, sitiyarin 74. Komai yadda Oga ya faɗa. Baba, faɗinsa 360 ne, kuma yatsana yana kai wa sigina. Mai shagon ya karɓi kayansa bayan na nuna masa hotunan awon. Sai da na jira mako biyu kafin aka samo mini mai ƙaramin kai da ramuka goma sha biyu, da zoben tagullarsa da ƙahonsa. Da hannu ya shiga, na ji lokacin da ya zauna.

Jiya da yamma na zaga da ita. Sigina tana kashe kanta ta kowane gefe. Da farko hon yana ɗan yin ƙara shi kaɗai in na murɗa hagu sosai, muka buɗe muka ga kan wayar ne yake taɓa notin, aka naɗe shi aka kauda shi. Saura abu ɗaya: a miƙaƙƙen titi sitiyarin ya ɗan kwanta dama, kamar faɗin yatsa ɗaya. In cire in matsar da haƙori ɗaya ne?

Oga na Gareji:
Madalla, ƙanena. In ka matsar da haƙori ɗaya zai iya wucewa ya kwanta hagu. Murɗa shi ƙarshen dama, ka murɗa ƙarshen hagu, ka ƙirga. In zagayen ya zo daidai ta kowane gefe, bos ɗin yana wurinsa, ka kai ta wajen masu alaimen, wato masu saita tayoyi, su daidaita ta tayarod, sandunan da ke juya tayoyin gaba. In kuwa za ka sake cirewa, ka bar notin a kan zare biyu ko uku lokacin da kake jijjiga shi, kada ya ɓalle ya same ka a baki. Bayan mako ɗaya ka bi sukurorin nan shida da alanki, ɗan makullin sukuru mai kusurwa shida, ɗaya sannan na gabansa ta ɗaya gefen, ka turo mana hoto mu ga katakon a cikin motar Baba.