Muhawara: Farasitamol ne kaɗai ya kamata a saya ba takardar likita?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ga magana da nake so mu buga a kanta. A cikin magungunan kashe zafin ciwo da ake saya ba takardar likita, farasitamol ne kaɗai ya cancanci a bar wa mutane. Ibufurofen da 'yan gidansu, wato asfirin da diklofenak da naforoksen, a kulle su sai likita ya rubuta. Suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini, mai juna biyu kuma tana cikin haɗari da su. Farasitamol kuwa jariri na sha, mai gyambon ciki na sha. In akwai mai ja, bismillah.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ni ina ja, Malam. Ka lissafa laifin ibufurofen daidai, amma ka wanke farasitamol tas, alhali macijin ƙaiƙayi ne. In ya shiga jiki, hanta ce ke sarrafa shi. Mafi yawansa tana fitarwa lami lafiya, sai ɗan kaɗan da ke rikiɗa ya zama guba mai suna NAPQI. Hanta tana da wani sinadari, gulutatayon, da ke kama wannan guba ya kashe ta. Muddin adadin da aka sha bai wuce ƙima ba, sinadarin yana isa. Da an zarce, ya ƙare, gubar ta koma kan hantar kanta. Abin tsoron shi ne ba ya gargaɗi. Ranar farko mutum na iya jin tashin zuciya kawai, ko ma ya ji garau. Sai kwana na biyu zuwa na huɗu gefen ciki na dama ya fara ciwo, idanu su yi shawara, hankali ya fara gushewa. Maganin karya gubar, asetilsistin, ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko, lokacin da mai shan ke ganin lafiyarsa ƙalau. A Amurka da Ingila farasitamol ne kan gaba wajen jawo mutuwar hanta farat ɗaya.

Malam Habu: Ranki ya daɗe, wannan ai sai wanda ya ƙetare ƙa'ida. Ƙa'idar kuma a fili take: babba ya sha ƙwaya ɗaya ko biyu mai miligiram 500, ya bar tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Giram 4 ke nan. Wanda ya tsaya nan me zai same shi?

Dakta Nura: Malam Habu, ƙidayar ce ba ta da sauƙi kamar yadda ka faɗa. Mu ɗauki mai ciwon haƙori. Ƙarfe shida na safe ya haɗiyi biyu. Ƙarfe tara ciwo ya dawo, ya ƙara biyu. Haka yake yi duk bayan awa uku, har cikin dare tun da barci ya gagara. Kafin gari ya waye ya sha ƙwaya 16, giram 8, ninkin iyaka, kuma bai taɓa shan fiye da biyu a lokaci guda ba, don haka a ransa bai yi ganganci ba. Irin wannan zarcewa ta kaɗan-kaɗan ta fi wuyar ganewa a asibiti fiye da ta wanda ya watsa su gaba ɗaya.

Sai kuma farasitamol ɗin da ke ɓoye cikin wasu magunguna. Yawancin magungunan mura, na ƙwaya da na garin da ake damawa a ruwan zafi, akwai farasitamol a ciki, wani fakiti ɗaya ma yana ɗauke da giram guda cur. Mai mura ya sha Panadol don ciwon kai, ya dama na mura don hanci, ya kawo wani na ciwon jiki: sunaye uku, magani ɗaya. A juya kwali a duba jerin abin da ke ciki. In an ga paracetamol, ko acetaminophen kamar yadda Amurkawa ke rubutawa, ko APAP, duk shi ne.

Giram 4 ɗin ma ba na kowa ba ne. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, da mai shan barasa kullum, da wanda ya rame ko ya kwana biyu bai iya cin abinci ba, nasu iyakar ta fi haka ƙasa, don gulutatayon ɗinsu kaɗan ne tun farko.

Sista Binta: Ku bar ni in sa baki kan yara, tun da Malam ya ce jariri na sha. Yana sha, amma da awo. Ana lissafi da nauyi ne, ba da shekaru ba: miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a awa 24 ba. Yaro mai kilo 12, iyakarsa miligiram 180 a sha ɗaya. In kwalbar ta ce miligiram 120 a cikin mililita 5, za a ba shi mililita 7.5. To akwai wata kwalbar mai 250 a cikin mililita 5, ta manyan yara. Uwa ta saba da 7.5, aka kawo mata wannan, ta zuba yadda ta saba: miligiram 375 ke nan, fiye da ninki biyu. Na ɗigawa kuma, wanda ake yi wa jarirai, wani yana da 100 a mililita ɗaya tak, ya fi duka kauri. Kuma don Allah a bar cokalin kicin, babu biyu da suka zo daidai. Sirinjin awo ko ƙoƙon da ya zo da maganin. Jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi, asibiti za a kai shi, ba kwalba za a buɗe ba.

Malam Habu: Na karɓa, duk gaskiya ne. Amma ku lura, duk misalanku na kuskuren awo ne. Farasitamol sai ka tsallake iyaka yake sara. Ibufurofen yana iya sararka kana tsakiyar iyaka. Dattijo mai hawan jini, yana shan lisinofuril ko losatan, ga maganin sa fitsari, gwiwa ta dame shi ya sayi ibufurofen ya bi abin da kwali ya ce sak. Cikin 'yan kwanaki ƙoda ta tsaya. Wane kuskure ya yi?

Dakta Nura: Nan kam ka kama hanya, kuma ita ce hujjarka mafi ƙarfi. Ibufurofen yana aiki ne ta hana jiki yin furostagilandin, sinadarin da ke kawo kumburi da raɗaɗi. Matsalar, shi wannan sinadari yana da wasu ayyukan alheri. Shi ke sa ciki ya yi majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsami, shi ke buɗe jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda. Ibufurofen ya tsuke mashiga, lisinofuril ya saki mafita, maganin fitsari ya rage ruwan jiki, sai ƙarfin tacewa ya faɗi. Haka yake ga mai gudawa da amai da jikinsa ya bushe, babba ko yaro.

Waɗanda bai kamata su saye shi da kansu ba: mai gyambon ciki ko wanda ya taɓa aman jini, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, mai asma da ya san asfirin na tayar masa, yaro mai ƙarambau, da wanda ake zargin zazzaɓin dengi. Mai juna biyu kuma, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2020 cewa daga mako na 20 yana iya rage ruwan da ɗan tayi ke ciki, daga mako na 30 kuma yana iya rufe wata jijiyar zuciyar ɗan tayin kafin lokaci. Ita farasitamol ne nata.

Wani abu da ake yawan ruɗuwa a kai: cin abinci kafin a sha yana rage ƙwannafi, amma ba ya hana gyambo. Ɓarnar ta cikin jini take biyowa, shi ya sa har na allura yana iya huda ciki.

Hajiya Rabi: Likita, ka ba shi makami da yawa. Bari in dawo da mu kan tambayar da ba a yi ba: shin farasitamol ɗin yana aiki a kowane ciwo? Wani babban gwaji da aka yi a Ostareliya, aka buga a mujallar Lancet a 2014, ya nuna a ciwon baya na farat ɗaya bai fi ƙwayar da ba komai a cikinta ba. Ciwon mara na al'ada furostagilandin ne ke murɗa mahaifa, don haka ibufurofen ya fi shi nesa ba kusa ba, musamman in an fara sha da alamar farko. Ciwon haƙori, targaɗe, duk inda kumburi yake, haka ne. Ka kulle ibufurofen, budurwa mai ciwon mara za ta yi ta ɗura farasitamol da ba ya kashe mata ciwon, mu koma kan misalin ƙwaya 16. An guje wa gara an faɗa wa zago.

Ga lafiyayyen babba, ibufurofen miligiram 200 zuwa 400 duk awa 6 zuwa 8, kada ya wuce 1,200 a rana, na 'yan kwanaki kawai. A wannan adadi haɗarinsa kaɗan ne. Fiye da haka hurumin likita ne.

Malam Isa: Gafarta malamai, tambaya. Ana iya haɗa biyun, ko haɗawar ce haɗarin?

Hajiya Rabi: Babba yana iya haɗawa, Malam Isa, don hanyarsu ba ɗaya ba ce. Farasitamol giram ɗaya da ibufurofen miligiram 400 tare sun fi kowannensu shi kaɗai a ciwon haƙori, kowanne dai a tsaya kan iyakarsa. Abin da ba a haɗawa shi ne 'yan gida ɗaya: ibufurofen da diklofenak, ko da naforoksen, ko da asfirin na ciwo. Sauƙi ba ya ƙaruwa, zubar jinin ciki ce ke ƙaruwa. Mai shan ƙaramin asfirin kullum don zuciya kuma ya sani ibufurofen na iya tare masa wuri ya hana shi aiki, ya tambayi likitansa tukuna.

Sista Binta: A yara ba a ba da su lokaci guda sai in ma'aikacin lafiya ya ce. A fara da ɗaya, in yaro bai sami sauƙi ba a gwada ɗayan, a rubuta lokaci a takarda, don uwa ta ba da uba ma ya zo ya ba da. Ibufurofen na yara miligiram 5 zuwa 10 ne a kowane kilo, duk awa 6 zuwa 8. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba, saboda cutar Reye mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta.

Malam Habu: To Hajiya, in ba ni da gaskiya, me ya sa Birtaniya ta hana sayar da ƙwayar diklofenak ba takarda a 2015?

Hajiya Rabi: Saboda haɗarinsa ga zuciya, kuma sun kyauta. Amma ibufurofen da suka saki ga jama'a tun 1983 sun bar shi a kan kanta. Ka kuma manta da 1998, lokacin da suka taƙaita kwalin farasitamol: ƙwaya 16 a shago, 32 a kantin magani. Wanda kake cewa a sakar wa mara, shi ma sun sa masa takunkumi.

Dakta Nura: Ko maganar hawan jini ba ta bar farasitamol ba. Wani gwaji a birnin Edinbara na Birtaniya, da aka buga a 2022, ya gano giram 4 kullum na mako biyu ya ɗaga awon masu hawan jini da kusan maki 5. Farasitamol na jefawa a ruwa mai kumfa kuma gishirin sodiyam ne cike da shi, ƙwaya 8 sun wuce abin da ake so mutum ya ci a yini. Farasitamol ne ko ibufurofen kuma, wanda ke sha don ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana komawa ya zama mai kawo ciwon kan. In da kodin a ciki, kwana 10 ma sun isa.

Malam Habu: Na rage da'awata, ban janye ba. A bar ibufurofen a kanta, amma kada a miƙa wa kowa sai an yi masa tambaya huɗu: shekarunka nawa, kana da gyambo ko ciwon ƙoda ko na zuciya, wane magani kake sha, akwai juna biyu? Wanda ya haura 65, ko ya amsa e a ɗaya, farasitamol ne nasa sai ya ga likita.

Sista Binta: Ƙara ta biyar, Malam: kwana nawa kana sha? Zazzaɓin da ya wuce kwana uku gwaji yake nema, ba ƙarin ƙwaya ba. Wanda kuma ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko fitsari ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ya ajiye ibufurofen ya tafi asibiti a ranar. Wanda ya ƙirga ya ga farasitamol ɗinsa ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, shi ma ya tafi ko yana jin garau, ya riƙe kwalayen duka a hannu, har da na mura.